Inda Tsintsiya Ba Ta Maƙalewa

Ranar da Baba ya faɗi a tsakar gida, ba ciwon ne ya fi ƙona masa rai ba, abin da ya kayar da shi ne. Daɓen kankaren da ya zuba da hannunsa, tun daga bakin ƙofar shiga mota har gaban ɗakin girki, shi ne ya dare, gefe ɗaya ya ɗago kamar leɓen mai fushi, ya tare masa takalmi. Gwiwa ta kumbura, goshi ya fashe, maƙwabta suka ɗauke shi cak zuwa ɗaki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa jama'a daɓe, yau nasa ne ya sa masa ƙafa.

Washegari Yaya, babbar 'yarsa, ta iso da hukuncinta a baki. Ko motarta ba ta iya shigowa da ita ba, don hanyar ta yi tudu da kwari, sai a waje ta ajiye ta. Ta duba goshin Baba, ta duba daɓen, sannan ta ja ƙaninta gefe ta gaya masa cewa ta gama magana. Idan ruwan farko ya sauka wurin nan yana haka, za ta kwashe Baba ya koma wajenta, akwai ɗaki a bene yana jiransa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma Yaya idan ta tsorata faɗa take yi.

Ƙanin nata ya haura arba'in, gemunsa ya fara furfura, leburorinsa Oga suke ce masa, amma a gidan nan har gobe sunansa Auta. Shi ya gaji Baba a sana'a. Ya kuma san abin da bene zai yi wa tsohon: babu kujerarsa ta bakin baranda, babu abokan hirar da ke leƙowa da hantsi, sai taga da talabijin. Baba zai bushe a can kafin shekara ta zagayo. Wannan ne ya hana Auta sukuni, ba gyaran ba.

Gyaran kam ko a jikinsa. Ya san ƙasar unguwar kamar yadda ya san tafin hannunsa. Laka ce baƙa mai danƙo, da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke har ka zura hannu a tsagarta, duk abin da aka ɗora mata kuwa sai ta yi rawa da shi. Maganinta sananne ne. A kwashe ta sama, a zuba tsakuwa a daddanne, a kori ruwan rufi nesa da gefen daɓe, sannan a yanka wa kankaren tsagi a wuraren da suka dace, domin in zai dare ya dare inda aka ce masa. Auta ya yi wannan aikin a gidajen mutane har ya daina ƙirgawa. Abu ɗaya ne bai taɓa gyarawa ba, shi ne ra'ayin Baba.

Da ya kawo maganar, tsohon bai ko bari ya kai ƙarshe ba.

"Duk wanda ya sa guduma a daɓen nan, a kaina ya sa."

Ya ce a kawo masa rabin buhun siminti kawai, zai liƙe wurin da kansa kamar yadda ya saba. Lallai ya saba. Duk shekara sai ya cusa kwaɓi a tsagar, duk shekara kuma ƙasa ta buɗe wata a gefenta, har tsakar gidan ta koma kamar tsohon wando mai faci.

Abin haushin shi ne babu wanda ya kai Baba sanin amfanin tsagi. A zamaninsa, idan mai gida ya ce ba ya son a yanka masa layi a daɓe, Baba tattara kayan aikinsa yake yi ya bar masa wurin. A gidansa kaɗai ya karya dokarsa, kuma kowa a gidan ya san dalili. Mama ce. Ita ke shara safe da yamma, ta ce ba ta son ramukan nan da datti ke ɓuya a ciki, tsintsiya na maƙalewa, a yi mata shi sumul kamar faranti. Baba ya yi mata bayanin laka har bakinsa ya gaji, ta ce ta ji, amma faranti take so. Ya yi dariya, ya zuba mata shi falle ɗaya, babu layi ko guda.

Auta ya daɗe yana mamakin yadda daɓen ya yi shekara da shekaru lafiya lau kafin ya fara darewa. Da yammacin ranar, yana zagaya wurin yana ƙwanƙwasa shi da ƙarfe don jin inda ƙasa ta janye, ya ci karo da busassun kututturan furanni a jere a gefen daɓen, sai ya tsaya. Furannin Mama ne. Kullum sai ta bi su da bokiti daga wannan kusurwa zuwa waccan, damina da rani, ta kuma yayyafa wa ko'ina ruwa kafin shara. Lakar da ke ƙasa ba ta taɓa bushewa ƙarau ba, ba ta kuma taɓa cika a gefe guda ba. Tun da Mama ta rasu babu mai yi, furannin suka mutu, indararo kuma yana ta kwarara a kusurwa ɗaya. Ashe ita ke riƙe da daɓen da bokitinta. Kewarta ta kama Auta, ya zauna a bakin baranda har ta lafa.

Bai sake yi wa Baba gardama ba. Ya san tsohonsa: ka ja shi, ya kafe. Amma akwai abin da Baba bai taɓa iya haƙuri da shi ba a duniya, shi ne ya ga ana ɓata aiki a gabansa.

Da safe Auta ya zo babu guduma, babu leburori, sai igiya da ƙusoshi da alli. Baba na kan kujerarsa, ƙafa a kan ƙaramin benci. Auta ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya ce awo kawai zai yi don ya samu abin gaya wa Yaya. Sai ya durƙusa ya fara ja igiya. Ya ja ta farko a karkace. Ta biyu ya kauce wa kusurwar katanga, inda ko ɗan koyo ya san daga nan tsaga ke tashi. Ya fitar da fallayen daɓe dogaye sirara, irin waɗanda ke karyewa a tsakiya, yana yi yana ɗan waƙe-waƙensa kamar wanda ya burge kansa.

Baba ya yi gyaran murya. Ya gyara zama. Ya kau da kai wajen katanga, ya sake juyowa. Da Auta ya ɗauki alli zai bi karkatacciyar igiyar, haƙuri ya ƙare.

"Kai, wa ya koya maka aiki?"

"Kai ne, Baba."

"Ƙarya kake yi. Miƙo min sandata."

Ya miƙe yana ɗingishi, ya ture ƙusar da kan sanda, ya nuna kusurwar katanga ya ce daga nan. Auta ya bi da alli. Ya nuna wajen indararo, ya ce nan ƙasa ta fi shan ruwa, a matso da layin. Ya nuna inda tayar mota ke tsayawa, ya ce a ƙara kauri a sa rodi. Faɗa yake yi, yana cewa yaran yanzu ido gare su amma ba sa gani, Auta kuwa sai to, Baba, to, Baba, hannunsa na gudu a ƙasa. Kafin rana ta take, an zana tsakar gidan kaf, fallaye masu kusurwa huɗu daidai wa daida, aikin gwani.

A gaban ɗakin girki sandar ta tsaya. Nan Mama ke ajiye kujerarta, nan take fara shara, har kankaren wurin ya yi sheƙi saboda goga. Baba ya dubi fararen layukan da ke bayansa, ya dubi ɗansa.

"Nan fa?" ya ce, muryarsa ta sauka.

Auta ya ce nan ba za a fasa ba. Wurin bai dare ba, nutsewa kawai ya yi. Za a huda shi, a ɗura kwaɓin siminti ta ƙasa har ya ɗago ya dawo daidai. Amma dole a yanka tsagi a bakinsa, a raba shi da sabon, in ba haka ba sabon zai ja shi su karye tare.

"Tsintsiya za ta maƙale," in ji Baba.

"Ba za ta maƙale ba. Ka bar min wannan."

Baba bai ce to ba, amma bai ce a'a ba, ya koma kujerarsa. A wajen Baba wannan izini ne.

Aiki ya kankama. Leburori suka fasa hanyar motar, suka kwashe baƙar lakar baro-baro, aka zuba tsakuwa aka bi ta da injin dannawa har haƙoran mutum na kaɗawa. Aka haɗa wa indararo bututu ya kai ruwa can magudanar titi. Aka ba sabon daɓen ɗan gangare don kada ruwa ya kwana a kansa. Baba kuwa ya zama shugaban aiki ba tare da an naɗa shi ba. Daga kujerarsa yake ganin kwaɓi ya yi ruwa, daga nan yake gane an yi wa yashi rowa. Leburorin suka riƙa ce masa Babban Oga suna dariya a ɓoye, shi kuma cin abincinsa ya dawo, har ƙari yake nema. Da aka ɗura kwaɓi a ƙarƙashin wurin Mama, fallen ya ɗago a hankali ya zauna daram, tsohon ya juya baya yana ta gyaran hular da ba ta karkace ba.

Tsagin Auta ya yi da hannunsa, bai bar wa kowa ba. Ya yanka su siri-siri, ya wanke, ya bari suka bushe, sannan ya cika su da wani danƙo mai laushi da ke miƙewa ya koma idan ƙasa ta motsa. Ya bi kowanne da yatsa yana shafewa har ya zo daidai da fuskar kankare. Na bakin wurin Mama ya fi ɓata wa lokaci, ya kankare ya sake har sai da ya gamsu. Daga ƙarshe ya sayo dashen furanni ya jera a gurbin na da, ya ajiye sabon bokiti kusa da famfo, ya ce wa Baba aikin da ya rage ba na magini ba ne, na mai gida ne: da rani a riƙa bin gefen da ruwa, ko'ina daidai, kamar yadda ake yi a da. Baba ya ce ba sai an koya masa ba, ya ga ana yi tun kafin a haifi wasu.

Hadari ya fara haɗuwa ranar da Yaya ta dawo. A wannan karon motarta ta shigo sumul har gaban baranda. Auta ya hango babban akwati a kujerar baya, ya san babu komai a ciki, na kwashe kayan Baba ne. Ta fito, ta bi daɓen tana jan takalmi a kan kowane layi, tana neman inda zai tare ta. Auta ya harɗe hannu ya jingina da katanga. Ya san ba za ta samu ba.

Baba ne ya ce a miƙo masa tsintsiya. Yaya ta buɗe baki za ta hana, Auta ya girgiza mata kai. Tsohon ya jingine sandarsa, ya taka da ƙafafunsa har gaban ɗakin girki, ya sunkuya ya fara shara daga inda Mama ke farawa. Tsintsiyar ta bi tsohon kankare, ta haye tsagin, ta wuce kan sabo, ko gezau. Ya dawo da ita baya, ya sake turawa. Ya tsaya yana kallon wurin.

"Da uwarku ta ga wannan, da ta yarda," ya ce.

Yaya ta juya tana share ido da gefen mayafi. Auta ma ya ji nasa sun cika, bai ɓoye ba. Baba ya ɗago ya harare shi, ya ce kada ya ɗauka shi wawa ne, karkatacciyar igiyar nan tun ƙusar farko ya gane ta. Auta ya ce ya sani, Baba.

Babu wanda ya ambaci akwatin. Ɗigon farko ya sauka a kan daɓen, na biyu ya biyo, ruwan ya kama gangarensa zuwa titi. Baba ya nuna motar da tsintsiya.

"Ke kuma ki matsar da abin nan waje, yana ɗiga mai a daɓen uwarku."