Amanar Lambun Aukje

Wiebe mutum ne da zama ke yi wa ƙaiƙayi. Shekara arba'in yana yashe magudanan ruwa a lardinsu na Friesland, da ya yi ritaya sai ya addabi gidansa: ya yi wa ƙofa fentin da ba ta nema ba, ya kwance keken da lafiyarsa ƙalau. Shi kuwa matarsa Aukje ta bar wa amanar lambunta ranar da za a yi mata aikin ƙugu a asibiti.

"Aikinka ɗaya ne, tsoho," in ji ta. "Kar ka yi komai."

Lambun yana cikin filin haya na ƙungiyar unguwa, ƙasarsa laka ce mai taurin kai. Likita ya ce Aukje ta yi ban kwana da shebur. Sai ta yi dabara: a watan Agusta ta watsa irin farin radish, wani tsiro mai saiwa doguwa kamar hannun yaro. Shi zai huda lakar, sanyi ya kashe shi, ya ruɓe a inda yake, ya bar ramuka da taki. In ƙasa ta yi laushin da za ta shuka da hannu, lambu nata ne. In ba ta yi ba, a watan Maris za ta mayar wa ƙungiya makullin lambun, bayan shekara talatin.

Wiebe ya ji, ya amsa, amma ƙafarsa ba ta ji ba. Sau uku a rana yake hawa keke ya je ya tsaya bakin shinge, hannu a aljihu kamar wanda aka ɗaure. Lambunan maƙwabta duk an juye su, baƙi wuluk, layi-layi, yadda kowa ya gada. Nasu kaɗai ne kurmi.

Janairu ya zo da sanyi mai daskarar da ruwa, ganyen ya kwanta ya yi yauƙi. Da gari ya ɗan saki sai wari ya tashi, irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

"Maƙwabci," in ji Douwe mai lambun gefe, yana toshe hanci, "gawa ka binne ne, ko miyar wakenka ce ta ƙi ka? Matata har ta ce a kira masu gyaran bututun gas."

"Dabarar Aukje ce."

"To, sannu mai gadin ɗoyi! Da ubanka zai ga ƙasa haka a tsakiyar hunturu, da ya sake mutuwa."

Maganar ta yi masa zafi, don shi ma abin da zuciyarsa ke faɗa masa ke nan. Ya koma gida, ya ɗora kofi ya manta da shi, ya zauna, ya miƙe. Ya ce bari ya je ya gyara baki-baki kawai. Ai kowa ya san yadda baki-baki ke ƙarewa a hannun irin su Wiebe. Kwana biyu yana haƙa, yana tsayawa ya dafe ƙirji, yana ci gaba. Ya kwashe ruɓaɓɓen radish a baro ya kai juji, ya tattake lakar da takalmansa, ya jera ta gunduwa-gunduwa. Daɗi ya kama shi sosai, har da fito.

Sai ruwa ya sauka, mako guda cur.

Ranar da Aukje ta iya fita, ya kawo ta a mota, ta taka da sanda har bakin shinge. Lambun ya shafe sumul, ruwa kwance a kai. Ta soka sandar, sandar ta ƙi shiga.

"Na so ki tarar da shi tsaf," in ji Wiebe. "Kar ki damu, ni zan riƙa haƙa miki."

Ta dube shi. Daga mota zuwa nan taku hamsin ne, amma haki yake yi, leɓensa ya yi fari.

"Wiebe, na ga ƙwayoyin ciwon zuciyar da kake ɓoyewa a aljihun kwat tun bara," ta ce a hankali. "Ka ɗauka don ƙuguna kaɗai na shuka radish ɗin?"

Ya kai hannu ya dafe aljihun kwat ɗinsa. Ta juya ga Douwe, wanda ya leƙo ta kan shinge.

"Maƙwabci, wa ke karɓar makulli bana?"