Inda Hannu Ya Saba

Mai aski ya ce tsufa ne. Tela ya ce ba tsufa ba ne, zuciya ce, domin ya san Baba Mai Inji tun gashinsa yana baƙi, mutum ne da idan ransa ya ɓaci yakan haɗiye magana ya zauna a kanta. Matar da ke sayar da katin waya a bakin layi kuwa cewa ta yi ita dai abin da ta sani shi ne ya daina aikowa a saya masa kati, kuma duk dattijon da ya daina sayen kati, to ya rasa wanda zai yi wa magana ne. Dukansu sun yarda da abu guda: bencin ƙofar gidan ya yi sanyi. Da can da hantsi nan za ka same shi, tabarau a kan hanci, waya dab da fuska, leɓɓansa suna motsi yana haɗa baƙaƙe kamar mai tsince tsakuwa. Yanzu sai dai ka hango shi ta taga, zaune a bakin gado, hannuwansa a cinya.

Injin yankan katako ne ya cinye masa kunnuwa. Ya yi ƙuruciyarsa da girmansa a gaban zarto, har ya kai ga ba ya jin sallama sai an ɗaga murya kamar ana faɗa. Sai da ya ajiye aiki ya shiga makarantar manya ta yamma, ya zauna a kan ƙaramar kujera da farin gemunsa ya koyi karatu. Ba don neman wani abu ya yi ba, don Auta ya yi. Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, kuma kiran waya ba ya yi musu amfani: ita tana can tana ihu, shi yana nan yana cewa "Na'am? Na'am?" har katin ya ƙare. Ita ta buɗe masa imel. Ta so ta koya masa irin hirar nan ta gajerun saƙonni da yara ke yi, ya ƙi. Ya ce wannan kamar tsayuwar kan hanya ce. Imel kuwa yana da gaisuwa, yana da ciki, yana da sallama, kuma ba mai tsaye a kanka yana jiran ka gama.

Karatun da ido yake yi, a hankali. Amma aikawa da hannu yake yi, ba ya ko dubawa. Alamar shuɗin ambulan a ƙasa ta hagu, rubutu a tsakiya, sannan babban yatsa ya haura kusurwar sama ta dama ya danna, shafin ya ɓace, saƙo ya tafi. Haka ya yi aiki da inji duk rayuwarsa. Yakan ce wanda yake neman makunni da ido a gaban zarto ba ya daɗewa da yatsu goma.

* * *

Abu biyu suka faru a mako ɗaya, shi ya sa suka cuɗe.

Na farko, Auta ta rubuto cewa ta samo masa likitan kunne, akwai ɗan abin ji da ake maƙalawa, idan ta zo hutu za ta tafi da shi a gwada masa. Ta rubuta shi kamar an riga an gama magana. Ransa ya sosu. Ya mayar mata da amsa mai zafi, ya ce bai haife ta don ta riƙa ɗaukarsa tana ajiyewa kamar buhu ba, kunnensa nasa ne, abin da ya ji a duniya ya ishe shi. Babban yatsa ya haura, ya danna, magana ta tafi.

Na biyu, da yammacin wannan rana babban ɗansa, wanda kowa ke kira Akawu saboda aikinsa a wani shagon kayan gini, ya ɗauki wayar zai sa mata caji. Wata sanarwa ta fito tana neman a amince da sabon fasali. Ya san ta daɗe tana fitowa, Baba yana kauce mata kamar kududdufi. Akawu ya danna amincewa, ya ajiye, ya tafi wanka.

Da safe Baba ya fito tsakar gida da wayar a tafin hannu, yana riƙe da ita nesa da jikinsa.

"An shiga ɗakina an juya mini kaya," ya ce.

Akawu yana ɗaure igiyar takalmi, ya karɓa ya leƙa. Ambulan ɗin ya zama ja, ya koma tsakiya. Baƙaƙen sun sirance, sun yi toka-toka a kan fari. Ya matso kusa da kunnen uban ya ce masa gyara kamfanin ya yi.

"Wa ya ce musu ya lalace?"

Matar Akawu, wadda har yanzu Baba ke kira Amarya duk da 'ya'yanta sun shiga makaranta, ta yi dariya a bakin murhu. Akawu ya ce sauƙi aka ƙara, ba abin da ya ɓata, kowa a duniya haka tasa take, kuma kwana biyu ne ya saba. Ya nuna masa jan ambulan ɗin da yatsa, ya duba agogo, ya fita. Bai tsaya ya ga abin da ke cikin ambulan ɗin ba.

* * *

Amsar Auta ba ta zo ba. Baba yana buɗe akwatin da safe, ya buɗe bayan azahar, ba komai sai saƙon kamfanin yana yi masa maraba da sabon fasali. Ita da ba ta taɓa barin mako ya juyo ba tare da ta rubuto masa ko da labarin maras lafiyan da ya gudu daga gado ba.

Ya san abin da ya yi. Ya zauna a benci ya rubuta mata, ya daɗe yana neman baƙaƙen a cikin sabon farin nan mai kashe ido. Da ya gama, yatsa ya haura kusurwar dama ya danna. Shafin ya ɓace kamar kullum. Ya jira. Ya sake rubutawa, wannan karon ya fi sassautawa. Ya jira. A na gaba ma har ya ce ya yarda da likitan.

Sau ɗaya ya sake tarar Akawu da maganar. Ya ce anya wayar nan lafiya take, don shi jikinsa yana ba shi saƙo ba ya shiga. Akawu ya dawo a gajiye, ya ce wayar lafiya lau take, ga intanet cike, in saƙo bai zo ba to ba a aiko ba ne. Sannan ya juya ya ce wa matarsa, da muryar da ya san uban ba zai ji ba, cewa rikicin tsufa ya fara. Baba bai ji ba, amma ya ga bakin, ya kuma ga yadda Amarya ta sunkuyar da kai. Wanda ya daɗe ba ya ji yakan iya karatun fuska tun kafin ya iya na takarda.

Auta ta kira yayanta. Ta ce ta rubuta wa Baba ta ba shi haƙuri, ta sake rubutawa, shiru. Akawu yana tsakiyar lodin siminti a lokacin, ya ce mata ai ta san halin Baba, ta bar shi ya huce. Bai haɗa wannan da waccan maganar ba, don a ransa ya riga ya yanke cewa rigima ce ta uba da 'yar lele. Da ta sake kira, muryarta a dushe, ta ce ta fasa zuwa hutun, za ta kuma sanar da likitan a ba wani gurbin, tun da Baba ba ya son ganinta. Ya ce mata duk yadda ta gani.

A ranar Baba ya miƙa wa Amarya wayar, ya ce ta sa a durowa ko ta ba yara su yi wasa. Ta tambaye shi ko a kai wa mai gyara. Ya girgiza kai. Ya ce ba wayar ce ta lalace ba.

* * *

Wata safiya Akawu ya isa shago ya kunna kwamfuta, ya tarar da baƙuwar fuska. Manhajar da yake fitar da rasit da ita tun shigarsa aikin ta sauya kamanni a dare ɗaya. Ga magina a tsaye, ga direban mota yana ta danna ham a waje. Ya shigar da kayan wani ɗan kwangila, rodi da kwano da ƙusa, layi bayan layi. Hannunsa ya tafi ƙasa ta dama, inda maɓallin bugawa yake tun fil azal, ya danna. Komai ya goge.

Ya sake shigarwa. Yana magana da wani, hannun ya sake tafiya can da kansa. Ya sake gogewa.

Ɗan kwangilar ya yi tsaki, ya tambaya ko babu mai jini a jika a shagon nan. Sabuwar ma'aikaciyar da aka ɗauka bara ta matso, cikin ladabi, ta zame linzamin kwamfutar daga hannunsa.

"Ai sauƙi suka ƙara, Yaya," ta ce. "Kai ne dai ba ka saba ba."

Ya tsaya a gefe, hannuwansa a sake, yana kallon yarinyar tana aikinsa. Ba zafin maganar ne ya kama shi ba, sanin maganar ne. Ya ji ta a baya, da muryarsa, a tsakar gida, yana ɗaure takalmi. Ya dubi hannunsa na dama. Hannun bai yi laifi ba, inda aka koya masa ya je. Sai ya tuna babban yatsan nan mai kanta, yana haurawa kusurwar sama ba tare da ido ya raka shi ba.

Ya nemi izini da azahar ya tafi gida.

* * *

Wayar tana cikin durowa a ƙarƙashin tsofaffin makullai, a mace. Ya sa mata caji ya zauna a ƙasa kusa da soket yana jira. Da ta farfaɗo ya buɗe jan ambulan. Sai a lokacin ya lura an raba akwatin gida biyu: na gaba an rubuta masa "Muhimmai", na bayansa kuma, da 'yan ƙananan baƙaƙe masu launin toka, "Sauran". Ya taɓa.

Suna nan. Tsakanin tallan takalma da na wani magani mai sa ƙiba, sunan Auta yana jere, ba a buɗe ko ɗaya ba. Wani abu a can nesa, wanda bai san ta ba, bai san ubanta ba, ya auna ya ga ba ta da muhimmanci.

Ya buɗe sabon shafin rubutu ya dubi kusurwar sama ta dama. Kibiyar aikawa ba ta nan, ta sauka ƙasa. A gurbinta an sa alamar ajiyewa. Ya nemi ma'ajiyar, ya samu. Saƙonnin Baba suna kwance a ciki, babu wanda ya bar gidan. Bai buɗe ba, amma layin farko na ɗaya ya riga ya shiga idonsa: Auta, bakina ya riga hankalina.

Ya sami Baba a bakin gado. Ya ɗauko tabarau daga kan taga ya miƙa masa, sannan ya sa masa wayar a hannu. Baba ya kawo ta dab da fuska. Leɓɓansa suka fara motsi. Ya daɗe a kan na farko. Ya wuce na biyu. A wani wuri ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce wai shi ne mai taurin kai, ita da ta gado. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, duk da ba ƙura a jikinsa, ya mayar. Kafaɗunsa suka sauka a hankali, kamar an sauke masa gungume.

Akawu ya mayar da saƙonnin Auta cikin "Muhimmai", ya nuna masa ma'ajiyar, ya nuna masa inda kibiyar ta koma. Baba ya dubi saƙonninsa a jere, ya dubi babban yatsansa. Ya zaɓi na ƙarshe, wanda ya ce ya yarda da likita. Yatsan ya ɗaga zai haura sama, ya tsaya a iska, sannan ya sauko ya danna inda aka ce.

Ba a jima ba wayar ta yi haske. Auta tana bakin aiki, layi ɗaya ta iya rubutawa: tana nan tafe, kada ya kuskura ya sake shawara. A saman saƙon wata sanarwa ta leƙo, tana albishir da wani sabon fasalin da ke zuwa. Baba ya kauce mata da yatsa, a hankali, kamar yadda ya saba.

Akawu ya durƙusa a gaban gadon. Ya ce shi ne ya danna amincewa da sabon fasalin, kuma an gaya masa bai saurara ba. Ya faɗe shi ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye.

"Na'am?" in ji Baba.

Ya sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Baba ya karkato kunnen da ya fi dama-dama, ya sa tafin hannu a bayansa, yana jira. A tsakar gida Amarya ta daina wanke-wanke. Tagar a buɗe take, kuma shagon tela bango ɗaya ne ya raba su. Akawu ya dubi tagar, ya dubi hannun nan da ke bayan kunne. Ya ɗaga kai yadda uban zai ga bakinsa, ya cika ƙirjinsa da iska.

"Baba, gaskiyarka ce. Ni ne ban ji ba. Ka yafe mini."