Tara Ta Ƙi Fitowa

Ranar Laraba ce, cikin zafin bazara, shekara huɗu da zuwan Nasara Katsina. Ilu majemi yana durƙushe a zauren maƙwabcinsa Malam Labaran a Rawayau, yana zana lambobi a rairayi da tsinke, gumi na ɗiga.

"Dubu biyar da ɗari biyar, Malam!"

"Akwai tara?"

"Babu."

"Ƙara."

Malam Labaran masanin hisabi ne, kwanansa shida a kwance. Shekaru ya yi yana wani bincike: ya ɗauki lamba, ya yi ta ƙara mata kanta har sai alamomin ƙirga goma, daga sifiri zuwa tara, sun bayyana duka. Kowace lamba ta ba shi goman nan, sai ɗari da ashirin da biyar. Ita ce ta riƙe tara. Ya ce ba ya so ya tafi bai gan ta ba.

Hassana, matarsa, ta leƙo da ƙwaryar kunu.

"Ilu, mutum na jinya ka zo kana tona mini ƙasa kamar kaza?"

"Inna, shi ya aiko a kira ni!"

"Ƙyale shi," in ji Malam. "Kansa ya fi warin fatunsa amfani."

Layuka suka cika zauren, Ilu yana ja da baya har ya kai bakin ƙofa.

"Dubu takwas cif!"

Malam ya yunƙura a kan gwiwar hannu, idonsa ya kawo haske.

"Tsaya! Duk ƙari takwas, dubu ke cika. Mu muna ta nemanta a wutsiya, ashe ta gaba za ta shigo! Saura takwas, Ilu, yi maza!"

Ilu ya duƙufa kan zanen. Tsinken ya karye, ya ci gaba da yatsa. A layi na saba'in da biyu ya daka tsalle.

"Dubu tara! Ga ta, Malam, wallahi ga ta!"

"Matsa in gani."

Malam ya daɗe yana kallonta, ya yi dariya har da tari. Ya ce alhamdulillahi, ya karɓi kunun ya kurɓa sau biyu. Kafin la'asar ya cika.

Mutane suka yi ta shigowa gaisuwa, har daga Kurfi. Da zauren ya watse, Ilu ya durƙusa ya ƙirga. Layi uku suka tsira a jikin bango. Sittin da tara sun bi ƙafafun jama'a.