Bencin da Aka Bar Inna

"Kada wanda ya tsaya kallon komai," in ji Manaja, yana tura yaran ta ƙofar filin wasan. "Da motocin karo za mu fara, tun layi bai yi tsawo ba. Mai jin ƙishirwa ya haɗiye yawu."

"Haba Baban yara, ai ba tasha muka zo ba," matarsa ta ce, tana janye da hannun Auta.

Shi ne mai tsara fitar motoci a wani kamfanin sufuri, har 'ya'yansa ma Manaja suke ce masa a bayan idonsa. Da ƙyar ya samu hutun yini guda, shi ya sa tun makon jiya yake nazarin taswirar filin a waya: ina ake cunkoso, wace hanya ta fi kusa, me za a hau kafin rana ta take. Abu ɗaya ne bai shiga tsarin ba, tafiyar mahaifiyarsa. Inna taku take yi a hankali, tana lalubar ƙasa da ƙafa kamar mai tsallaka rafi.

Ya zaunar da ita a wani benci ƙarƙashin bishiya.

"Inna, ki huta a nan. Ga ruwa, ga inuwa. Kayan nan ba na masu hawan jini ba ne."

"To," kawai ta ce.

Tsarin ya tafi yadda ya so. Sun yi karo da motoci, sun jiƙe a jirgin ruwa, Auta ya yi kuka a kan dokin katako aka sauke shi aka wuce. Sai da rana ta raba suka waiwayi bencin.

Babu Inna. Gorar ruwanta na nan, jakarta na nan. Ya kira lambarta, wayar ta yi ƙara a cikin jakar.

Suka bazama nemanta. Matarsa ta ruga banɗakin mata, babbar 'yarsa ta nufi wurin salla, shi kuma ya faɗa ɗakin agajin gaggawa yana leƙa fuskokin da ke kwance. Daga nan ya yi ofishin masu tsaro.

"A yi mini cigiya a lasifika, don Allah!"

"Shekarar yarinyar nawa?" mai tsaron ya tambaya.

"Wace yarinya? Mahaifiyata ce!"

Ana cikin cigiyar Auta ya ja rigarsa. "Baba, ga Inna can."

"Ina?"

Yaron ya nuna sama.

Babban lilon nan ne mai kama da ƙafar keke, wanda ya kere duk gine-ginen unguwar. Can a ƙololuwarsa, cikin wani ɗan keji mai reto, shuɗin mayafi na kaɗawa.

"Innalillahi!" matarsa ta ɗora hannu a ka. Manaja ya zabura. Bai san lokacin da ya tsallake shingen layi ya cafki hannun mai kula da injin ba.

"Tsayar da shi! Tsohuwa ce, ba ta da lafiya!"

"Yallaɓai, in na tsayar yanzu ai a sama za ta tsaya. Kuma na so in sauke ta ɗazu, ta ce ba ta gama ba."

Haka ya tsaya gumi na tsatstsafo masa, kejin na gangarowa kamar ba zai iso ba. Da aka buɗe ƙofar, Inna ta fito tana gyara mayafi, ta miƙa hannu tana neman ƙarfen dafawa a inda babu shi. Ya riƙo ta.

"Inna! Kashe ni za ki yi? In da jiri ya ɗebe ki fa? Me kike nema a can?"

"Rage murya, ɗan nan, mutane na kallonmu." Ta numfasa. "Garin na je in gani. Likitan ido ya ce na hagun ya riga ya tafi, na daman ma ba zai kai baɗi ba."

Hayaniyar filin ta ɗauke masa ɗif.

"Wane likita? Yaushe?"

"Ranar da ka ce kuna da baƙi a ofis, in bari sai wani makon. Na hau motar haya na je."

Ya juya ga matarsa. Idonta cike da hawaye, ta girgiza kai. Ita ma yanzu take ji.

"Inna, me ya hana ki gaya mini?"

"Kullum da gudu kake shigowa gaishe ni, da gudu kake fita. Maganar kuwa ba ta tsaye ba ce." Ta ɗaga fuska wajen lilon. "Na hango kogi. Amma unguwarmu ta dā, inda na haife ka, na duba na duba, duk hazo."

Manaja bai taɓa yarda ya hau ko tsani mai tsawo ba, kowa a gidan ya sani. Ya miƙa wa matarsa wayarsa, ya kama hannun Inna suka koma ƙarshen layi.

Da kejin ya rabu da ƙasa, ya runtse ido ya ƙanƙame ƙarfe.

"Ka ga tankin ruwan nan na bayan makaranta?" Inna ta tambaya.

Ya ƙara ƙanƙame ƙarfen.

"Kai, ba dai rufe ido ka yi ba?"

Ya buɗe a hankali. "Na gan shi, Inna. Sun yi masa kore."

"To daga nan ka yi dama. Kada ka yi sauri. Gaya mini gida-gida."