Ranar da Alhaji Ya Ɓare Jupita

Madubin hangen taurari guda ɗaya ne, makarantun da ke zawarcinsa kuwa bakwai. Wata ƙungiya ce ta aiko da shi Tamale, aka ce a ba makarantar da ta fi iya nuna yadda Rana da duniyoyinta suke. Malama Safiatu, mai koyar da kimiyya a wata ƙaramar makaranta a Lamashegu, tun da ta leƙa shi a cikin akwatinsa ta rasa sukuni. Shekara goma sha ɗaya tana gaya wa yara cewa duniyar Zuhal na da zobe, alhali ita kanta ba ta taɓa ganinsa ba sai a takarda. Abin yana ci mata tuwo a ƙwarya.

Sauran makarantun sun yi abin da kowa ke yi, wato ƙwallaye masu fenti jere a kan tebur, kowace duniya na gogar kafaɗar 'yar'uwarta kamar fasinjojin bas. Safiatu ta ce wannan ƙarya ce, ita kuwa ba ta koyar da ƙarya. Mace ce mai kafiya, in ta tsaya a kan abu ko hedimasta sai dai ya kauce. Ta zauna ta buga lissafinta, ta ɗauki kwando ta nufi kasuwa. Ta dawo da babbar ƙwarya, da riɗi, da ɗan gero, da gujiya, da ƙwallon kaɗanya, da farin goro ƙato guda ɗaya. Hedimasta ya leƙa kwandon, ya tambaye ta ko suna za a yi.

Alƙalan gasar biyu ne. Mista Ekow, jami'in ilimi mutumin kudu, ya iso da hantsi riƙe da littafinsa. Na biyun, Alhaji Abdulgafaru, dattijon da ke wakiltar iyaye, ya aiko cewa a fara, yana wurin ɗaurin aure a Zogbeli.

Mista Ekow ya duba aji ya ga wayam, ya ce, "Madam, ina tebur naka?"

"Babu tebur, Masta. Tafiya za mu yi."

Ta kife ƙwaryar a ƙofar makaranta, ta ce ga Rana. Ta riga ta tura ɗalibanta mata takwas bakin hanya, kowace da farin faranti a hannu, kowace a tazarar da lissafi ya ba ta. Taki goma sha bakwai suka tarar da Makuri, ƙwayar riɗi ɗaya. Gaba kaɗan Zuhura, ƙwayar gero, wadda mai riƙe da ita ta ce ta fi kowace duniya zafi. A taki na arba'in da uku Mista Ekow ya cire tabarau ya sunkuya a kan wata ƙwayar geron.

"Wannan ne mu duka? Da Kumasi, da teku, da komai?"

"Mu ke nan, Masta."

Ya yi rubutu a littafinsa. Suka wuce Mas, sannan tafiya ta miƙe, babu komai sai masu babur da awaki. Jupita na can taki ɗari biyu da 'yan kai daga ƙwarya, a hannun wata ɗaliba mai ladabi, Zuleiha. To, ladabin nan shi ya jawo abin da ya faru.

Suna hangenta sai ga keke mai ƙafa uku, wanda mutanen Tamale ke kira yelo-yelo, ya tsaya daidai gabanta. Alhaji ya sauko yana gyara babbar riga. Zuleiha ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, faranti a hannu biyu. A ƙasar Dagomba kuwa, farin goro a faranti gaban dattijo ma'anarsa ɗaya ce. Alhaji ya amsa da "Naa," ya sa mata albarka, ya ɗauki goron ya ɓare shi biyu, ya jefa rabi a baki.

Safiatu ta iso a guje, mayafi na shirin faɗuwa. Ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Mako uku tana auna hanyar nan da ƙafarta, ga shi babbar duniyar tana tsakanin haƙoran alƙali.

"Masta, ga naka," in ji Alhaji, yana miƙa wa Mista Ekow ɗaya rabin. "Yaran nan suna da tarbiyya."

"Alhaji, ka ci Jupita," in ji Mista Ekow, yana dariya har da riƙe ciki.

Zuleiha ta fara hawaye. Safiatu ta durƙusa ta roƙi Alhaji rabin da ya rage, don kawai ta mayar da wani abu farantin yarinyar. Da ta juya shi a tafinta sai ta tsaya cak. Goron ya rabu daidai tsakiya, fuskarsa a shafe sumul. Ta kwance geron da ke ƙulle a bakin zanenta.

"Baba, ka taimake ni da ƙirga. Kowace ƙwaya ɗaya duniyarmu ce."

Ta shiga jera su a kan fuskar goron daga wannan baki zuwa wancan. Alhaji na ƙirgawa da ƙarfi, mai yelo-yelo da wata mai sayar da koko suka matso suna taya shi. Tara, goma, goma sha ɗaya, gero ya taɓa ɗaya bakin.

"Faɗin Jupita ke nan," in ji Safiatu. "In kuwa zuba su za a yi a cikinta, sai ta haɗiye sama da dubu."

Alhaji ya daina tauna. Ya dubi geron, ya dubi sama, ya ce, "Allahu akbar. 'Yata, saura nawa a gaba?"

"Uku, Baba. Amma da nisa. Ka hau keke."

Ya ƙi. Ya naɗe hannun riga ya ce da ƙafa zai je. Suka wuce Zuhal, ƙwallon kaɗanya da zoben takarda, suka wuce duniya ta bakwai, mutane na ta ƙaruwa a bayansu. Kafin su kai Neftun, gujiya ɗaya a gaban wani garejin masu gyaran mota, kusan kilomita guda daga makaranta, jama'a sun fi hamsin. Mai riƙe da ita ta ɗaga murya ta ce wannan duniyar sai ta yi shekara ɗari da sittin da biyar kafin ta zagaye Rana sau ɗaya.

Mista Ekow ya juya yana neman ƙwaryar, ya kare ido da hannu, bai ga ko alamarta ba. Ya daɗe a tsaye yana zufa. Sannan ya dubi Alhaji, Alhaji ya gyaɗa kai, shi kuwa ya rufe littafinsa.

"Madam, sukul naka akwai ɗaki mai makulli?"

"Akwai, Masta."

"To, a share shi. Gobe mota zai kawo akwati."

Ɗalibanta suka ɓarke da ihu, mai koko ta rangaɗa guɗa. Safiatu ta rungume Zuleiha tana dariya tana hawaye. Ta ce mata:

"Zan ga zoben Zuhal, Zuleiha. Ni da ku, da idonmu."