Kofi a Allo

Tun kafin sabon Malamin Zane ya zo, darasin zane a makarantar yana da tsarinsa. Malami ya zana kofi ko ganye a allo, yara su kwafa, wanda nasa ya fi kama da na allon shi ke cin maki. Shi kuwa sabon malamin, a inda ya yi karatu, cewa aka yi a bar yaro ya fito da abin da ke kansa.

Ranar farko a aji uku, ya jiƙa tsumma ya goge allon tas.

"Yau ba zan zana komai ba. Kowa ya zana abin da bai taɓa gani ba."

Wani daga baya ya ɗaga hannu. "Malam, alli ne ya ƙare? In karɓo a ofis?"

"Akwai alli. Ku fara."

Ya fita baranda don kada tsayuwarsa ta takura su. Da ya dawo kowa ya duƙufa. Ya bi layi yana dubawa. A takardar farko, wasu lanƙwasassun layuka ne daga hagu zuwa dama, da tsaga a kusurwa. Ta biyu ma haka, har ƙarshen aji. Sai da ya waiwaya ya gane: sawun jiƙaƙƙen tsumman suka kwafa, da tsagar allon.

A ɗakin malamai, Malamin Lissafi ya yi dariya har ya ƙware.

"Ranka ya daɗe, abin da ka tsallaka ruwa ka koyo ke nan? Ai ni ma na iya goge allo, ba wanda ya ba ni takardar shaida."

Shugabar makarantar gwaggon Malamin Zane ce, ita ta sama masa aikin. Ta baje takardun a teburinta.

"Iyaye za su zo ƙarshen wata. Wannan zan liƙa a bango?"

"Gwaggo, a ba su lokaci. Hannunsu ne ya saba da kwafa."

"A nan ba Gwaggo. Kuma kwafar ce ta kai ka inda ka je. Ko ka ba ni abin nunawa, ko in ba Malamin Lissafi awar darasinka. Ya daɗe yana maitarta. In ba awa kuma, ka san ba kujera."

Ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Ya sa aka juya benci suka ba allo baya. Yaran suka wuni suna murɗa wuya. Wani ya yi kuka, wasu suka miƙo farar takarda da sunansu a sama da kwanan wata.

Mako na gaba benci suka koma yadda suke. Ya ɗauki alli ya zana kofi, da hannu, da inuwa a gefe. Ya ji ajin ya saki numfashi. Nan da nan fensira suka kama aiki. Shugabar ta zo ta tsaya a taga, hannu a baya.

Wata yarinya mai gilashi a layin gaba ta ce, "Malam, kofin ba komai a ciki?"

"Ba komai."

"Ni na sa wa nawa kifi. Yana zaune a ciki, yana jiran babansa ya dawo daga aiki." Ta kare takardar da tafin hannu. "Za a rage mini maki?"

Ya ga wutsiyar kifin ta leƙo tsakanin yatsunta. Ya ɗaga kai. Shugabar ba ta motsa daga tagar ba.

"Za a rage," ya ce.

Yarinyar ta ari abin gogewa wurin ta kusa da ita, ta goge a hankali don kada takardar ta yage, ta hure. Ya karɓa ya duba. Kofin ya fito daidai da na allo. Ya sa mata maki mafi girma, ya wuce benci na gaba.