Ranar da Kyaftin Ya Je Zaɓen Lasifika

Tun da Kyaftin ya rasa idanunsa a hatsarin mota, falon gidan ya koma kamar ɗakin jiran likita. Ba mai ɗaga murya. Yara in sun dawo daga makaranta sanɗa suke yi su wuce ɗakinsu, babbar talabijin ɗin da ke manne a bango kuwa ta daɗe ba a kunna ta ba, don ba wanda ke da ƙarfin halin yin kallo a gaban mutumin da a da abinci ba ya wuce masa ranar hutu sai da fim a gabansa. Kyaftin suna ne da ya bi shi tun yana saurayi, lokacin da yake jan ƙungiyar ƙwallon unguwarsu. Matarsa kuma a makarantar firamare take koyarwa, kowa Malama yake ce mata, har shi.

Wata rana da yamma Malama ta dawo daga aiki ta tarar da shi kwance a doguwar kujera, ya manna waya a kunne yana sauraren wani tsohon fim. Bai ji shigowarta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu. Can sai ya ja tsaki, ya cillar da wayar kan kafet.

"Kamar sauro a cikin gwangwani," ya ce, shi kaɗai.

Ta juya a hankali. Ta wuce kicin ta rufe ƙofa, ta kira ƙaninsa Auta a waya. Auta ƙaton mutum ne mai tumbi da 'ya'ya uku, amma sunan bai sake shi ba. Suka yanke shawarar a saya wa Kyaftin manyan lasifiku, irin dogayen nan da ake girkewa a ƙasa gefe da gefen talabijin, kuma shi da kansa zai je ya zaɓa da kunnensa.

"Ba inda za ni," in ji Kyaftin da suka same shi da maganar ranar hutu. "In je mutane su yi ta kallona ana ja na kamar akuya?"

Malama ta dube shi. Ta san wannan muryar. In ya yi ta, yini guda ba ya sake magana.

Auta ya kashe mata ido, ya karkaɗa makullin mota. "To shi ke nan, Yaya, yi zamanka. Ni zan zaɓo maka. Ai na san harkar."

"Kai? Kai da ba ka iya bambance ganga da bugun ƙofa?"

"Zan ce a ba ni wadda ta fi kowace ƙara."

Tsokar muƙamuƙin Kyaftin ta motsa. Sannan ya tashi zaune. "Malama, miƙo min takalmina kafin yaron nan ya kwaso min tarkace."

A mota a takure ya zauna. Ya riƙe hannun ƙofa gam har yatsunsa suka yi fari, duk sa'ad da Auta ya taka birki sai Malama ta ga wuyansa ya sanƙare. Ban da zuwa asibiti, wannan ce fitarsa ta farko. Ta yi ta addu'a a zuci kada wani ya danna musu hon.

Shagon yana hawa na biyu, matakalarsa a matse. Kyaftin ya ƙi a riƙe masa hannu, ya dafa bango yana laluba kowace matakala da sandarsa, Malama a bayansa ta buɗe hannuwa ba tare da ta taɓa shi ba. Mai shagon, wani mutum mai saurin baki da tabarau rataye a wuya, ya tarbe su da fara'a. Da ya ga sandar da baƙin gilashin da ke idon Kyaftin, sai ya juya wajen Malama.

"Sannunku da zuwa. Wace iri yake so? Don kiɗa ne ko don fim?"

"Ga ni nan a gabanka," in ji Kyaftin. "Ido na rasa, ba baki ba."

Mai shago ya daburce, ya hau ba da haƙuri. Auta ya yi dariyar da ba ta da dalili, ya ce, "Haka yake, ko mu a gida a tsorace muke."

Aka shigar da su wani ɗaki a can ciki. An lulluɓe bangonsa da kyalle mai kauri, ga kujera guda a tsakiya, ga lasifiku jere a tsaye kamar sojoji, wasu baƙaƙe, wasu launin katako. Kyaftin ya miƙa sandarsa ga Auta, ya fara shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ya auna tsayinsu da jikinsa, ya ƙwanƙwasa gefensu da bayan yatsa, ya zura hannu a baya ya lalubo ramin da iska ke fita.

"Wannan in an matsa ta da bango za ta yi ta gurnani," ya ce. "Falona ba fili ba ne."

"Gaskiya ne," in ji mai shago, wannan karon da shi yake magana kai tsaye. "Ita sai an ba ta wuri a bayanta. Kuma tana son injin ƙara sauti mai ƙarfi, in ba haka ba za ta yi kamar babbar mota da ƙaramin inji. Zauna dai ka ji da kanka."

Kyaftin ya zauna a kujerar tsakiya. Aka sa waƙar wata mata mai sanyin murya, da jita da ganga. Biyun farko, manyan da Auta ya ƙyalla ido a kai tun shigowarsu, suka girgiza ɗakin har Malama ta ji abin a tafin ƙafarta.

"Ka ji kaya!" in ji Auta.

"Kaya ne na gidan rawa. Matar kamar an tura ta cikin rijiya take waƙa. Canja."

Aka sauya wayoyi zuwa wasu biyun, sirara masu launin katako. Muryar ta fito tsaf, kamar matar tana tsaye a tsakiyar ɗakin. Kyaftin ya karkata kai. A hankali Malama ta ga yatsansa ɗaya ya fara bugun hannun kujera. Ta kau da kai da sauri, don idonta ya ciko.

Mai shago ya ga ciniki ya fara nuna, sai ɗoki ya kama shi. "Ai ba ka ji komai ba tukuna! Bari ka ji su da fim, nan ne suke nuna ko su waye." Ya danna rimot, ya murɗa ƙara sama.

Ruwan sama ya ɓarke a ɗakin, kamar rufin ya yaye. Ga ƙarar inji, ga abin share gilashi yana kai da komo. Malama ta ɗaga kai ta dubi allon talabijin ɗin da ke gaban ɗakin: mota ce a guje kan jiƙaƙƙen titi, daga nesa kuma fitilun babbar mota suna tahowa.

"Malam, tsaya," ta ce, amma ƙarar ta haɗiye muryarta.

Hon ɗin babbar motar ya taso daga hagu, yana girma, yana cika ɗakin. Tayoyi suka yi ƙara. Ta yi tsalle wajen mai shago tana miƙa hannu ga rimot ɗin, shi kuwa ya ɗauka mamaki take yi, yana ta murmushi yana gyaɗa kai. Sai karon ya zo. Ƙarfe ya daki ƙarfe, gilashi ya tarwatse ta ko'ina, ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu.

"Kashe! Na ce ka kashe!" Malama ta daka masa tsawa.

Ɗakin ya yi tsit.

Kyaftin yana tsaye, ba ta ma ga lokacin da ya miƙe ba. Ya kare fuskarsa da hannu biyu, gilashinsa ya faɗi ƙasa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya ja da baya ya bangaje ɗaya daga cikin manyan lasifikun, ta yi tangal-tangal, Auta ya rungume ta da jiki duka kafin ta kai ƙasa.

"Ina ƙofa?" Kyaftin ya ce. "Ina ƙofar take?"

Malama ta kama hannunsa. Ya fizge da ƙarfin da ya sa ta yi taga-taga.

"Wannan kika kawo ni in ji? Gwada ni kuke yi?"

"Wallahi ban sani ba. Ban san shi zai sa ba."

Mai shago ya dubi Auta, Auta ya faɗa masa kalma biyu a kunne. Mutumin ya dafe kai. "Wayyo. Wayyo ni. Don Allah ka yafe min, ban..."

"Yi shiru," in ji Auta a hankali.

Kyaftin ya laluba iska, hannunsa ya faɗa kan bayan kujera. Ya riƙe ta. Malama tana zagin kanta a zuci: da ta bar shi da wayarsa da tsakinsa, da yanzu yana gida lafiya. Ta san abin da zai biyo baya. Zai koma ɗaki ya rufe ƙofa, wannan karon kuma ba Autan da zai iya fito da shi.

Sai Kyaftin ya zagaya kujerar ya zauna. Ya goge fuska da hannun riga.

"Daga hagu ta zo," ya ce, muryarsa a dushe. "Ni ma daga hagu ta zo min."

Bai taɓa yi mata maganar ranar hatsarin ba. Duk abin da ta sani daga bakin 'yan sanda da likitoci ta ji shi. Ta durƙusa kusa da kujerar, ba ta taɓa shi ba.

"Kullum sai na ji hon ɗin nan, Malama. Ina cin abinci ina jin sa. Ba shi da wurin kashewa." Ya juyo da fuskarsa wajenta. "Wannan kuwa kin ce a kashe, ya mutu."

"Mu tafi gida," ta ce.

"Mai shago," in ji Kyaftin.

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ba ni abin nan a hannuna. Nuna min inda ake tsayarwa."

"Yaya, a'a," in ji Auta. "Ya isa haka."

"Ban tambaye ka ba."

Mai shago ya dubi Malama. Duk jikinta cewa yake a'a. Amma ta dubi hannun mijinta a miƙe, ta tuna yadda kowa ke yanke masa hukunci tun da ya kwanta: abin da zai ci, inda zai zauna, abin da bai kamata ya ji ba. Ta karɓi rimot ɗin, ta sa masa a tafin hannu, ta ɗora babban yatsansa kan maɓallin.

"Rage ƙarar," ta ce wa mai shago. "Sosai."

Ruwan saman ya dawo, ƙasa-ƙasa. Kyaftin ya lalubo wuyan hannunta ya damƙe har ta ji zafi. Inji, abin share gilashi, sannan hon ɗin ya fara tasowa. Kafin ya kai rabi ya danna. Shiru. Ya sauke numfashi mai tsawo. Ya sake kunnawa, ya bar shi ya ɗan ƙara gaba, ya sake tsayarwa. Bai bar shi ya kai ga karon ba, bai kuma ce zai bari ba.

"Ya isa," ya ce. "Mayar min da matar nan mai waƙa."

Ya saurari waƙar har ƙarshe, gumi yana bushewa a goshinsa. Sannan ya sa aka gwada masa wasu biyu, ya ce muryarsu tana da kaifi kamar ana goga cokali a faranti. Ya koma kan siraran masu launin katako, ya yi wa mai shago tambayoyi a kan injin da zai ja su da tsawon wayar da falon zai ci. Mai shago yana amsawa a ladabce, bai sake taɓa ƙarar ba sai ya tambaya.

Washegari aka kawo su. Kyaftin ya zauna a tsakiyar doguwar kujera yana ba da umarni, Auta yana jan lasifikun yana haki.

"Matso da ta dama. A'a, ka yi yawa. Juyo da fuskarta wajena."

"Yaya, bayana zai ɓalle."

"Tumbin ne ya yi maka nauyi. Ja."

Yara suka leƙo daga ɗakinsu, ya kira su suka zauna a ƙasa. Fim ɗin barkwanci ya zaɓa, ya ce na mota sai wani lokaci, in ya ga dama. Da aka kai wurin da ba a magana, sai takun ƙafa da ƙarar buɗe ƙofa, ya zunguri Malama da gwiwar hannu.

"Me ke faruwa?"

"Ya shiga ɗakin. Matar tana ɓoye a bayan labule, ita ce ma za ta..."

"Ke! Abin da kike gani na ce ki faɗa min, ba abin da zai faru ba."

"To ai na taɓa kallonsa."

"Sai ki manta. Ci gaba. Wace irin riga ya sa?"

Ta gyara zama, ta matso kusa da kunnensa, ta fara da rigar.